Yadda Ake Tsara Rabon Faifai a Babbar Manhajar da Kake Ginawa

Masu gina babbar manhaja (operating system) da hannunsu sukan tsaya cak a wuri ɗaya. Direban faifai ya tashi, ana karanta sekta (ƙaramin yankin faifai da ake karantawa ko rubutawa a dunƙule) lafiya lau, amma tsarin fayil ya ƙi ganin komai, domin yana laluben kansa a sekta ta 0 alhali yana can zaune a sekta ta 2048. Tambayar da ake ta maimaita mini ke nan: a ina za a saka aikin rabon faifai, da wane tsari, kuma me za a fara rubutawa? Ga matakan bi da bi. Na ɗauka kana da direban da ya iya karanta sekta ya kuma rubuta, ko na SATA ne, ko NVMe, ko virtio.

Kayan aikin duk kyauta ne: kwamfuta mai Linux, QEMU mai kwaikwayon kwamfuta, da `sgdisk`, `sfdisk`, `xxd` da `dd`. Abin da zai ci maka shi ne lokaci, kuma mafi yawansa a gwaji zai tafi. Kada ka kuskura ka fara da faifai na gaske. Ƙirƙiri na bogi da `truncate -s 64M faifai.img`, ka raba shi da `sgdisk -n 1:2048:+16M -n 2:0:0 faifai.img`, ka miƙa wa QEMU. In ya lalace ka share ka yi wani.

1. Tsayar da ƙofa ɗaya

Tun kafin maganar ɓangare ta taso, ka tsara ƙofa guda wadda duk wani abin ajiya zai bi ta cikinta. Abubuwa biyar sun isa a farko: karanta, rubuta, tabbatar da cewa rubutu ya sauka, girman sekta, da yawan sektoci. Faifan SATA ya cika waɗannan biyar, na NVMe ya cika, sannan ɓangare shi ma ya cika su daidai wa daida. Tsarin fayil bai kamata ya san ko da faifai sukutum yake magana ko da yankinsa ba. Idan ka tarar kana rubuta "in ɓangare ne yi kaza" a cikin direban tsarin fayil na FAT, to an yi kuskure tun daga tushe, koma baya ka gyara.

Lambar sekta ka ba ta bit 64 tun yau, ko da faifan gwajinka megabayit 64 ne kacal. Sauya ta daga baya yana nufin taɓa kowane direba.

Hattara a nan: kada ka kafe 512 a matsayin girman sekta. Akwai faifai masu sekta 4096, akwai kuma masu nuna 512 a waje alhali 4096 suke a ciki, don haka ajiye lambobin biyu, na lissafi da na zahiri. Sannan ka lura da yadda kowace na'ura ke faɗin girmanta. NVMe da ATA yawan sektoci suke ba ka. Umarnin READ CAPACITY na SCSI, wanda filas ɗin USB ke amfani da shi, lambar sekta ta ƙarshe yake ba ka, sai ka ƙara ɗaya. Wanda ya manta da wannan ɗayan zai rasa sekta ta ƙarshe, kuma nan ne GPT, sabon tsarin jadawalin rabon faifai, ke ɓoye kwafinsa.

2. Gina ɓangaren kansa kafin ka karanta jadawali

Ɓangare ba komai ba ne illa lambobi biyu da uwa: inda ya fara, tsawonsa, da faifan da yake kai. Duk buƙatar da ta zo, a duba ta ko ta tsallake iyaka, a ƙara mata lambar farko, a tura wa uwa. Shi ke nan. Kamar gonar gado ce da aka raba wa magada: ƙasar ɗaya ce, amma kowa daga kan iyakarsa yake fara ƙirga kunya, kuma garmarsa ba ta shiga ta ɗan'uwansa.

Wajen duba iyakar ne ake zamewa. Mutane kan rubuta `lba + yawa <= tsawo`, inda `lba` ke nufin lambar sektar da aka nema, kuma ga ido daidai ne. Amma idan `lba` ta yi girma sosai, jimlar za ta cika ma'auninta ta juyo ƙarama, ta wuce binciken salin alin, rubutu ya sauka a ɓangaren maƙwabci. Rubuta shi haka: `lba < tsawo && yawa <= tsawo - lba`. Babu tarawa, babu juyowa. Buƙatar da ta tsallake iyaka a mayar da ita da kuskure gaba ɗaya, kada a gutsure ta a yi shiru.

Umarnin TRIM, wanda ke gaya wa SSD cewa an gama da wasu sektoci, shi ma dole ya bi wannan binciken da wannan ƙarin. Ana yawan mantawa da shi saboda ba ya ɗauke da bayanai, alhali shi ne mafi haɗari: TRIM da ya sauka a gurbin da ba nasa ba yana shafe kayan wani babu dawowa. Umarnin tabbatar da rubutu kuwa ba shi da adireshi, a miƙa shi ga uwa yadda ya zo.

Gwada wannan matakin da hannu. Ƙirƙiri ɓangare daga 2048 kai tsaye a cikin manhajarka, ka ɗora tsarin fayil a kai. In ya yi aiki, rabin aikin ya ƙare.

3. Yanke shawara: wa zai karanta jadawalin?

Hanyoyi uku ne sanannu. Linux tana karantawa a cikin kanel, wato zuciyar babbar manhaja, da zarar faifai ya bayyana ta gwada masu karatu ɗaya bayan ɗaya. FreeBSD tana da GEOM, inda kowane sabon abin ajiya ake zagaya shi ga azuzuwa daban-daban su ɗanɗana, wanda ya gane shi ya fito da sababbin abubuwan ajiya a kansa, su ma a sake zagaya su. Plan 9 kuwa ta bar karatun ga ƙananan manhajoji na waje, su karanta jadawali su gaya wa direba "ga suna, ga farko, ga ƙarshe".

A ganina, ga mai farawa, ka saka karatun a kanel, domin kana bukatarsa kafin ka samu tsarin fayil na farko da za ka ɗauko manhajar waje daga ciki. Amma ka rubuta shi a matsayin aiki mai zaman kansa: a ba shi ƙofar mataki na 1, ya dawo da jerin farko da tsawo da nau'i, kada ya taɓa komai bayan haka. Ribar wannan babba ce. Za ka iya harhaɗa shi a kan Linux ka gwada shi da fayiloli ɗari cikin daƙiƙa, ba tare da ka tayar da QEMU ba. Kuma ka bar ƙofar da manhajar waje za ta ce "ƙara ɓangare" ko "cire ɓangare", za ka bukace ta a mataki na 9.

4. Karanta sekta ta 0

Kullum daga nan ake farawa. Duba bayit na 510 da na 511, su zama 0x55 da 0xAA. Jadawalin MBR, tsohon tsarin rabon faifai, yana farawa a bayit na 446, gurabe huɗu ne, kowanne bayit 16. A cikin kowane gurbi: bayit na 0 alamar tashi ce, na 4 nau'in ɓangare, daga 8 zuwa 11 sektar farko, daga 12 zuwa 15 yawan sektoci. Ƙaramin bayit ne a gaba a dukkan lambobin. Filayen CHS, tsohon salon adireshin sekta, da ke tsakani ka tsallake su, zamaninsu ya wuce. Umarnin `xxd -s 446 -l 66 faifai.img` zai nuna maka jadawalin da idonka, ka saba da kallonsa.

Kada ka ɗora tsarin bayanai na C kai tsaye a kan bayit na 446, domin ba a kan daidaitaccen adireshi yake ba, kuma wasu na'urorin ARM za su yi tutsu. Ciro lambobin bayit-bayit.

Gargaɗi mai muhimmanci: 0x55AA kaɗai ba shaida ba ce. Filas da aka tsara da FAT kai tsaye ba tare da rabo ba, ita ma sektarta ta farko da wannan alamar take ƙarewa, kuma abin da ke bayit na 446 ɗinta saƙon kuskure ne ko lambar tashi. In ka karanta shi a matsayin jadawali za ka haifi ɓangarori huɗu na ƙarya. Duba alamar tashi ta kowane gurbi: in ba 0x00 ba ce kuma ba 0x80 ba, wannan ba MBR ba ne, miƙa faifan sukutum ga tsarin fayil.

Idan ka ga gurbi mai nau'in 0xEE, tsaya nan, tsallaka mataki na 6. Wannan MBR ɗin mai gadi ne kawai, an ajiye shi don tsofaffin manhajoji su ga faifan a cike su ƙyale shi. Wasu faifan, musamman na tsofaffin Mac masu Boot Camp, suna da 0xEE tare da wasu gurabe na gaske a gefensa. Bi GPT ka yi watsi da sauran. Ka kuma sani cewa lambobin MBR bit 32 ne, don haka da sekta 512 ba ya iya kaiwa bayan tirabayit 2 da ɗan ɗoriya.

5. Bi sarƙar ɓangarorin ciki

Nau'in 0x05, 0x0F ko 0x85 yana nufin ɓangare ne mai 'ya'ya a ciki. Sektarsa ta farko tana da ƙaramin jadawali irin na MBR, amma gurabe biyu kawai ake amfani da su. Na farko yana bayyana ɗa guda, na biyu yana nuna inda jadawali na gaba yake.

Tarkon shi ne ma'aunin guraben biyu ba ɗaya ba ne. Farkon gurbi na ɗaya ana ƙirga shi daga wannan ƙaramin jadawalin da kake karantawa. Farkon gurbi na biyu kuwa daga farkon babban ɓangaren gaba ɗaya. Wanda ya ƙirga duka biyun daga ƙaramin jadawalin da yake karantawa zai ga ɗa na farko ya fito daidai, na biyu ma daidai, sai a na uku abin ya wargaje, don haka faifan gwajinka ya kasance da 'ya'ya huɗu aƙalla. Sannan ka sa iyaka ga yawan zagaye, ko ka riƙa tuna sektocin da ka riga ka ziyarta. Jadawali ɗaya da ke nuna kansa ya isa ya daskarar da kanel tun wajen tashi.

6. GPT, a hankali

Nan ne ya kamata ka zauna sosai, domin kusan duk sabuwar kwamfuta da shi take zuwa. Kan GPT, wato bayanan da ke siffanta jadawalin, yana sekta ta 1. Lura, sekta ta 1, ba bayit na 512 ba: a faifai mai sekta 4096, a bayit na 4096 yake. Bayit takwas na farko su ne "EFI PART". Daga nan bi wannan jerin, kuma kada ka yarda da wani fili kafin ka tantance wanda ya gabace shi.

Girman kan yana bayit na 12, yawanci 92 ne. Kada ya gaza 92, kada ya wuce girman sekta. Sai CRC32, lambar gano lalacewar bayanai, da ke bayit na 16: kwafe shi gefe, ka mayar da gurbinsa sifili, ka lissafa a kan iya girman da kan ya faɗa, ka kwatanta. Irin CRC32 ɗin da zlib ke amfani da shi ne. Domin ka tabbatar naka daidai ne, ba shi rubutun "123456789", dole ya dawo da 0xCBF43926. Bayan haka bayit na 24 ya ce kan yana sekta ta 1, wato inda ka same shi. Bayit na 40 da na 48 su ne farko da ƙarshen filin da aka yarda a raba. Bayit na 72 yana faɗin inda guraben suke, na 80 yawansu, na 84 girman kowanne, na 88 kuma CRC32 na guraben duka.

A faifai na yau da kullum za ka ga gurabe 128, kowanne bayit 128, jimla bayit 16384, wato sektoci 32 daga ta 2 zuwa ta 33, shi ya sa fili ke farawa a ta 34. Amma kada ka kafe waɗannan lambobin, kuma kada ka yarda da su ido rufe. Filas da wani ya soka a kwamfuta tana iya cewa gurabenta biliyan huɗu ne, da CRC mai kyau, domin CRC yana kama lalacewa ne ba mugunta ba. Ninka yawa da girma a ma'aunin bit 64, ka sa rufi, misali megabayit ɗaya, abin da ya haura ka ƙi shi kafin ka nemi ƙwaƙwalwa. Duk abin da ke kan faifai ka ɗauke shi maganar baƙo ce, sai an bincika.

Kowane gurbi: bayit 16 na farko GUID (lambar shaida ta musamman) na nau'i, in duk sifili ne gurbin fanko ne, tsallake shi ka ci gaba, kada ka tsaya, domin ana iya samun cikakke a bayansa. Bayit 16 na biye GUID na ɓangaren kansa. Bayit na 32 sektar farko, na 40 sektar ƙarshe, na 48 alamomi, daga 56 kuma suna, bayit 72 na UTF-16.

Kurakurai biyu sun fi kama mutane a nan. Na ɗaya, sektar ƙarshe tana cikin ɓangaren, don haka tsawo shi ne ƙarshe a cire farko a ƙara ɗaya. MBR tsawo yake ba ka, GPT ƙarshe, kuma wanda ya saba da na farko yakan zame a na biyu. Na biyu, yadda GUID ke kwance a faifai. Nau'in ɓangaren EFI a rubuce shi ne C12A7328-F81F-11D2-BA4B-00A0C93EC93B, amma a `xxd` za ka ga 28 73 2A C1 1F F8 D2 11 BA 4B 00 A0 C9 3E C9 3B. Kashi uku na farko a juye suke, biyun ƙarshe a miƙe. Ajiye nau'o'in da ka sani a yadda suke kwance a faifai, ka kwatanta bayit 16 kai tsaye, juyawar sai wajen nuna wa mutum.

Idan kan farko ya faɗi a bincike, ko gurabensa suka faɗi, je sekta ta ƙarshe ta faifan, akwai kwafi a can da nasa guraben a gabansa. Yi masa bincike iri ɗaya, in ya tsallake yi amfani da shi ka buga gargaɗi. Kada kanel ya gyara komai da kansa a wannan lokacin. Karatu kawai. Gyara aikin mai kwamfuta ne da kayan gyara, bayan ya ga abin da ya faru.

Za ka kuma haɗu da faifan da aka zuba masa hoton ƙaramin faifai, kwafin yana tsakiya maimakon ƙarshe. In kan farko lafiya yake, karɓe shi ka yi gargaɗi. `sgdisk -e` ne ke mayar da kwafin mazauninsa.

7. Tace jerin

Kafin ka fitar da ɓangarorin, jefar da mai tsawon sifili da wanda ya fara bayan ƙarshen faifai. Wanda ya fara a ciki ya zarce waje, Linux takan rage shi zuwa iyakar faifan ta yi gargaɗi, ni kuma na fi son a rage shi a buɗe shi don karatu kawai. Biyun da suka hau juna su ma haka. Wanda bai fara a daidai sektar zahiri ba, kamar tsofaffin da ke farawa a 63, zai yi aiki amma rubutu zai yi nauyi a faifai mai 4096 a ciki. Layin gargaɗi ɗaya ya ishe shi.

8. Suna

Lamba ta bi gurbi, ba jerin fitowa ba. In gurbi na 1 da na 3 ne cike, sunayensu 1 da 3, kada ka matse su su zama 1 da 2, in ba haka ba goge ɓangare ɗaya zai sauya sunan sauran. A MBR, 1 zuwa 4 na manyan gurabe ne, 'ya'yan ciki daga 5 suke farawa. Idan sunan faifan da lamba ya ƙare, raba su da harafi, kamar yadda ake rubuta `nvme0n1p1`.

Sunan faifai kansa ba abin dogaro ba ne, wanda ya fara amsawa yau yana iya zama na biyu gobe. Don haka ka ba da hanyar neman ɓangare da GUID ɗinsa. A MBR babu GUID, amma akwai lambar faifai ta bayit huɗu a bayit na 440, haɗa ta da lambar gurbi.

9. Lokacin da jadawali ya sauya ana cikin aiki

Kowane ɓangare ya riƙe ƙidayar masu buɗe da shi, kuma muddin yana buɗe uwarsa ba ta gushewa daga ƙwaƙwalwa. In aka ce a sake karanta jadawali alhali akwai wanda ke ɗore, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙi gaba ɗaya, kamar yadda BLKRRPART na Linux ke dawo da EBUSY. Wadda ta fi amfani ita ce ka kwatanta tsohon jeri da sabo: wanda bai sauya ba a bar shi, sabo a ƙara, wanda ya ɓace a cire in ba kowa a kansa. Sauya farkon ɓangaren da ke buɗe haramun ne. Ƙara masa tsawo kuwa ana iya yarda.

Hattara da ma'ajiyar wucin gadi (cache). Idan faifai da ɓangarensa kowa na da tasa, sekta ɗaya za ta zauna a wuri biyu, a rubuta ta nan a karanta tsohuwa can. Ko dai ka sa ma'ajiyar a ƙarƙashin ɓangare, mabuɗinta faifai da cikakkiyar lambar sekta, ko ka hana rubutu ta ƙofar faifai zuwa yankin da ke ɗore. Na farkon ya fi tsafta in tun yanzu kake zane. In kuma an zare filas ana tsaka da aiki, sa wa uwa alamar ta mutu, duk buƙatar 'ya'yanta ta dawo da kuskure nan take, a saki ƙwaƙwalwa sai mai buɗewa na ƙarshe ya rufe.

10. Rubuta jadawali, da lalata shi da gangan

Rubutawa aikin manhajar waje ne, ba na kanel ba. Fara sababbin ɓangarori a kan megabayit ɗaya cif, wato sekta ta 2048 in sektar 512 ce. Jerin rubutun GPT yana da muhimmanci saboda ɗaukewar wuta: guraben kwafi, kan kwafi, tabbatar da rubutu, sannan guraben farko, kan farko, a sake tabbatarwa. Ta haka a kowane lokaci akwai ɗaya cikakke. Lissafa CRC na gurabe kafin na kai, tunda na guraben yana cikin abin da na kan ke rufewa.

Yanzu tara faifan gwaji ka ɓata su. Shafe kan farko da `dd if=/dev/zero of=faifai.img bs=512 seek=1 count=1 conv=notrunc`, ka ga ko manhajarka ta koma kwafi. Kada ka manta da `conv=notrunc`, in babu shi `dd` zai datse fayil ɗin a nan, kwafin da kake son gwadawa ya tafi. Ƙara girman fayil da `truncate` don kwafin ya koma tsakiya. Yi FAT ba rabo. Yi sarƙar da ke cizon wutsiyarta. Tayar da QEMU da `logical_block_size=4096,physical_block_size=4096` a kan na'urar virtio, da faifan da aka raba da wannan girman. A kowane gwaji kwatanta abin da manhajarka ta fitar da na `sfdisk -d faifai.img`, lamba da lamba. Daga ƙarshe rubuta ɗan shirin da zai riƙa sauya bayit barkatai a sektoci 34 na farko, yana sake lissafa CRC don ɓarnar ta wuce ƙofa, yana ciyar da mai karatunka dubban sau. Ko ya karɓa ko ya ƙi duk daidai ne, muddin bai faɗi ba, bai daskare ba, kuma bai fitar da ɓangaren da ya wuce bakin faifai ba.